Shawara ga Ƙungiyoyi: Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

A garuruwan Ƙonni da Malbaza da Illela ƙungiyoyin cimaka suna da yawa. Akwai masu riƙon rumbun tsimi. Akwai mata masu dama kunun yara don yaƙi da tamowa. Akwai masu albasa a Galmi, da makiyaya masu tanadin dusa da harawa. Dukansu abu guda ke damunsu, shi ne kuɗin aiki.

Da yawa sun saba jiran taimako daga waje. Amma taimakon waje ba shi da tabbas. A 2023 Amurka ta dakatar da babban kaso na taimakonta ga Nijar. A 2025 kuma ta rufe USAID, hukumarta ta ba da taimako a ƙasashen duniya. Yunwa kuwa ba ta jiran kowa. In damina ta faɗi rumbun ƙungiya ba komai, yara ne za su fara shan wuya.

Neman kuɗin aiki sana'a ce, koyonta ake yi. Mutanen Illela sun san amfanin koyo. A 1989 waɗansu manomansu suka je Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramu a faƙo a zuba taki. Suka dawo suka gyara tasu tasa, faƙo ya ba da hatsi. Haka ma ƙungiya za ta koyi abu huɗu.

Na farko, karo-karo. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a jahar Maradi. Mata ke zuba kuɗinsu kowane mako cikin akwati, su ba juna rance, su raba riba. Dabarar ta bazu har ƙasashen waje. Ga misali: mata 30, kowace ta zuba dala 20 a mako. Jaka 3 ke nan. Cikin mako 52 sun tara jaka 156, ba su roƙi kowa ba. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da tiyar hatsi da kaka.

Na biyu, rubutu. Kowace dala da ta shiga ko ta fita, a rubuta ta cikin littafi, da ranar da sunan wanda ya karɓa. Ma'aji daban, magatakarda daban. Makullan akwati kada su taru a hannun mutum guda. Kowane wata a karanta lissafi a gaban jama'a. Nan ne karatun manya ke biyan mai shi. Rumbun tsimi yakan mutu in an ba da bashin hatsi ba a rubuta ba.

Na uku, takardar shaida. Ƙungiya ta tsara dokokinta, ta zaɓi shugabanninta, ta nemi yardar hukuma. Sannan ta buɗe asusun ajiya da sunanta, ba da sunan shugaba ba. Masu ba da tallafi ba su zuba kuɗi a aljihun mutum.

Na huɗu, takardar buƙata. Kada ta ce "a taimake mu" kawai. Ta amsa tambaya huɗu. Me za a yi? Mutum nawa za su amfana? Nawa zai ci? Me ƙungiya ta kawo da kanta? In za a gina ma'ajiyar albasa, ƙungiya ta ce fili da tubali da ƙwadago nata ne, itace da ƙyaure take nema. Malamin gona ko malamin makaranta zai taimaka wajen rubutawa.

Wajen nema kuwa, a fara da na kusa. Akwai 'yan gari da ke ci-rani a Abijan da Legas da Libiya. Akwai dillalan albasa da na dabbobi. Akwai ofishin ƙaramar hukuma, inda ake tsara ayyukan raya karkara. Bayan waɗannan sai manyan ƙungiyoyi na birni. Duk wanda aka je wa, a tafi da littafin lissafi a hannu.

In an samu, aiki bai ƙare ba. A mayar wa mai bayarwa da labari: ga abin da aka saya, ga takardun saye, ga yaran da suka sha kunu. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya shiga, shi ke ƙara bayarwa baɗi.

Lokacin farawa shi ne kaka, sa'ad da hatsi ke da araha, hannu kuma da ɗan abu. Shugabannin ƙungiyoyi su kira taro, a sayi littafi da biro, a yanke abin da kowa zai zuba. Allah ya ba da damina mai albarka.