RENON SHINKAFA A KWALBA: WA ZAI RAƊA MASA SUNA?

Duk wanda ya san ƙasar Daura ya san ƙasa ce ta jigawa mai gajerar damina, inda gero da dawa da wake suke sarauta. Shinkafa kuwa sai a fadama, ko a gindin madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam. Manomin irin wannan wuri ba abin da yake nema kamar irin da zai nuna kafin ruwa ya ɗauke. To, akwai wani ilmi da ake samar da irin shuka da shi, wanda nake ganin mu ɗaliban Hausa muna da haƙƙi a kansa.

Ga yadda abin yake. Masana sukan ɓare ƙwayar shinkafa, su wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, su ɗora ta a kan wani abinci mai kama da kamu a cikin kwalba, wanda aka haɗa da sukari da gishirin taki da sinadarin girma. Bayan 'yan makonni sai wani ɗan dunƙule ya kumburo daga jikinta. Idan aka tsinka shi aka canja masa abinci, sai ya fid da ganye da saiwa, a mai da shi tukunya, daga nan sai gona.

Kada a ɗauka wasan yara ne. A shekarun 1990, Dakta Monty Jones, mutumin Saliyo, ya haɗa auren shinkafar Asiya da tamu ta Afirka a cibiyar WARDA da ke ƙasar Kwaddibuwa. Da yake 'ya'yan wannan aure sukan fito da zangarniya ba ƙwaya, sai da aka yi renon 'yan tayinsu a kwalba kafin a sami NERICA, wadda wasu ire-irenta kan nuna cikin kimanin wata uku. Nijeriya ta fitar da ɗaya daga ciki ga manoma a 2003 da sunan FARO 55.

Abin tambaya, malamai da 'yan'uwana ɗalibai, yaya malamin gona zai bayyana wa dattijon Sandamu ko Mai'aduwa wannan al'amari? In ya kwararo masa Turanci, dattijo zai ce irin Nasara ne, ya juya baya, alhali kuwa jinin shinkafar kakanninsa yana ciki. Abin da ba shi da suna a bakin mutum, da wuya ya sami wuri a gonarsa.

Saboda haka ni dai na ba da shawarar a kira shi "renon tsiro a kwalba", domin Bahaushe ya san reno, ya san tsiro. Wanda yake da wadda ta fi wannan ya kawo, a tattauna. Amma kada mu yi raɗin a aji kaɗai: mu je wurin malaman aikin gona mu ga kwalbar da idonmu, sa'an nan mu kai kalmar bakin fadama mu ji ko ta zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.