Mai giya kuɗi hannu, mai shayi sai ƙarshen wata

Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ranar Litinin da ta wuce na fito da sassafe zan tahi gidan rediyo, na ratsa kafeteriyar unguwarmu in sha shayi kamar kullum, sai na tarar da kwaɗo a ƙofa. An kife bencina, murhu ba wuta. Inna mai ƙosai da ke zama a gefe ta ce mini: "Ɗana, ai mutumin naka ya koma ƙauye, jari ya karye." Ta jawo wani tsohon kaye daga ƙarƙashin tabarmarta ta miƙo mini. Ta ce shi ya bar mata, wai ko Allah zai sa wani ya ji tsoronsa ya kawo abin da ake binsa.

Na buɗe kayen nan. Ba zan faɗi sunan kowa ba, amma zan gaya muku abin da idona ya gani. Shafin ɗan kabu-kabu gajere ne, kwana 2 ko 3 an ja layi, ya biya. Shafin mai turin ruwa haka, na ɗan dako haka. Shafukan da suka yi tsawo har aka juya baya aka ci gaba, na masu albashi ne: ma'aikatan biro, masu shadda mai sitati, masu moto sabo fil. Wani tun kafin azumi bik bai ja layi a kan sunansa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san inda wasu daga cikinsu suke kwana hira. A ƙarshen layin nan namu akwai bar. Duk wanda ya bi ta wurin bayan isha'i ya san motocin da ke jere a bakin ƙofa, ko da an ɓoye su a duhun bedi. A can ba kaye. Mai bar ba ƙanin uban kowa ba ne: ka sha, ka biya, ka tashi. A nan take ake zaro jika 5, jika 10, a kira mai tsire a yi wa tebur oda, har a bar wa mai kawo kwalba canji don a ce wane mai kyauta ne. Gari na wayewa sai a zo wurin mai shayi da jajayen idanu, a ce: "Haɗa mini Nescafé mai kauri, ƙwai 3 da burodi, ka rubuta." Wato abin da Allah Ya hana kuɗi hannu, halaliyar bawan Allah kuma sai ƙarshen wata, watan da ba ya ƙarewa.

Mu yi lissafi tare, kowa ya iya. Mu ɗauka karin kumallo guda, shayi da madara da burodi da ƙwai, dala 100 ne. Mutum 10 su ci kullum su ce a rubuta, a rana jika 5 ke nan, a wata jika 150. Albashi mafi ƙaranci da hukuma ta tsaida a ƙasar nan jika 42 ne. Ke nan bashin mutum 10 na wata guda ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 3. Wane mai shayi ne yake da jarin da zai ɗauki wannan kaya? Shi mai gidan burodi yana jiran kuɗɗinsa kowace safiya. Mai ƙwai ba ya jira, mai gawayi ba ya jira, mai butik ɗin da ke ba shi sukari da madara ba ya jira, mai haya kuwa ranar 5 ga wata yana bakin ƙofa. Kuma kowa shaida ne yadda kaya suka hau tun daga takunkumin CEDEAO na ƙarshen Yulin 2023. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma wa ya ga gwangwanin madara ya koma kuɗinsa na da? Mai shayi bai isa ya ƙara dala 5 a kofi ba, yanzu a yi masa ca, kuma masu bashin su suka fi kowa ɗaga murya.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. Wani zai ce rayuwa ta yi tsada, bashi hanji ne yana cikin kowa. Gaskiya ne, ni ma sunana ya taɓa shiga kayen nan lokacin da aka yi wata 2 ban ga albashi ba. Ban zo zagin wanda ba shi da shi ba. Da mai shi nake, wanda ke wucewa ta gaban mai binsa ya ɗaga hannu kawai, ko ya canza hanya. Malamanmu sun sha gaya mana cewa mai hali ya ja wa mai binsa rai zalunci ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi ta sauka. Ba wasa ba ne.

Wani kuma zai ce ai shi mai shayin ne ya bayar, wa ya tilasta shi? Haba malam. Baƙo ɗan ci-rani, da rumfarsa a jikin katangar wani, zai dubi babban mutum na unguwa a gaban jama'a ya ce ba zai zuba masa shayi ba? Kunyarsa aka ci, ba wautarsa ba.

Sannan ku masu murmushi kuna cewa yau an taɓo mashaya, ku dakata. A kayen nan akwai masu carbi a hannu waɗanda ba su taɓa taka ƙofar bar ba. Akwai samarin fada da ba su rasa kuɗin kiredi da na cacar ƙwallo, amma dala 40 ta Lipton ta gagare su. Kuma kada wani ya ɗauki maganata ya mai da ita ashana. Mun ga Janairun 2015 a Damagaram da Yamai, yadda aka ƙona coci-coci da mashaya aka rasa rayuka, ba mai hankalin da ke son a koma can. In bar ta dame ku da kiɗa ko tana sayar wa yara, akwai mai unguwa, akwai magajin gari, akwai komisariya. Ni yau ba ƙofar bar na zo rufewa ba, ƙofar kafeteriya nake son a buɗe.

Don mu san abin da muka rasa. Wurin nan shi ne inda gwauro ke samun abu mai zafi da dare, inda ɗan lakwal ke karyawa kafin ƙararrawa, inda mai gadi da direban da ya kwana hanya ke zama benci guda da daraktan biro. A nan muke jin wa ya haihu, wa ya rasu, wa ke neman aiki. In kuran ya ɗauke, fitilarsa ce ke haska layin. Tun da aka rufe, ƙarfe 9 na dare mata ba su son bin wurin.

Saboda haka ga roƙona. Duk wanda ya san sunansa na cikin kayen wani mai shayi ko mai tuwo, a Zariya yake ko Ali Ɗan Sofo ko Sabon Gari, ya je yau, ba gobe ba. In ba ka da duka, kai rabi ka ba da haƙuri. In kunya kake ji, tura ta Nita ko Amana, ba wanda zai gan ka. Shugabannin fada, ku tambayi yaranku. Ku kuma masu shayi, ku sa wa bashi iyaka: ya kai jika 2, a tsaya sai an biya. Wanda ya yi fushi don haka, dama ba ciniki ya kawo maka ba.

Kayen mutuminmu yana nan wurin Inna mai ƙosai, daga asuba har ƙarfe 10. Mutum 2 sun riga sun biya, Allah Ya saka musu. In aka haɗa ko rabin abin da ke ciki, ya ce zai dawo ya hura wuta. Sauran kun san kanku.

Allah Ya raba mu da haƙƙin wani. Ku tura wa wanda ya dace ya gani.