Wutar sola a gidajen birni: lissafin da ya kamata magidanci ya yi kafin ya zuba kuɗinsa

Da zarar bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, hirar majalisa a Maraɗi, Damagaram da Tawa takan koma kan kuran: ƙarfe nawa aka ɗauke, wace unguwa aka maido wa. Tela ya ajiye ɗinkin mutane, mai ƙanƙara na kallon jarinsa yana narkewa, yara sun kasa barci saboda zafi. Wannan ne ya sa farantin hasken rana, wanda ƴan kasuwa ke kira fano, ya bar ƙauye ya shigo tsakiyar birni. Sai dai da yawa daga waɗanda suka saya sun dawo suna ƙorafi, wasu tun kafin shekara ta zagayo.

Matsalar wuta a Nijar ta daɗe. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A farkon watan Agusta na wannan shekara Najeriya ta katse layin a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, kuma ba a maido ba sai a watan Maris 2024, bayan ƙungiyar ta ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu. Watanni bakwai ɗin nan ne suka koya wa mutanen birni cewa makunnin wutar gidansu yana wata ƙasa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Layukan wutar ƙasar ba a haɗe suke wuri guda ba. Yamai, Doso da Tilaberi suna kan layin da ke zuwa daga Birnin Kebbi, yayin da Maraɗi, Damagaram da Tawa suke kan wanda ke shigowa ta Katsina. Saboda haka tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta rage wa Yamai raɗaɗi amma ba ta kunna ko ampul ɗaya a Damagaram ba. Yankin tsakiya yana da tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, abin da bai kai ya riƙe manyan birane uku ba. Madatsar ruwan Kandaji kuwa, da aka aza harsashinta tun 2008 da alkawarin megawat 130, har yanzu ana jira. Magidancin da ya ga ya dace ya nema wa gidansa mafita bai yi gaggawa ba.

Inda ake yin kuskure shi ne wajen saye. Mutum ya shiga kasuwa ya tambayi fano na nawa, batir na nawa, ya zaɓi wanda aljihunsa zai ɗauka, ya dawo gida ya jona duk abin da ya mallaka. Kamata ya yi lissafin ya fara daga cikin ɗaki. Kowace na'ura tana da lambar wat a jikinta, sai a ninka ta da awowin da za ta yi tana aiki. A ɗauki gida mai fanka ɗaya ta wat 50 da za ta kwana awa 8, wannan 400 ke nan. Ampul LED huɗu masu wat 10 na awa 5, 200. Talabijin mai wat 60 na awa 4, 240. Cajin salula huɗu, a ce 60. Jimla 900 a kowace rana. Wannan adadin ne ya kamata a tafi da shi kasuwa.

Batir mai rubutun 12V 100Ah yana riƙe 1200 a takarda, kuma a nan mai saye yakan ɗauka ya tsira. Ba haka ba ne. Batir na dalma, mai ruwa ne ko wanda ake kira jel, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Abin da za a ci daga cikinsa kullum ba tare da an kashe shi ba 600 ne kawai, don haka gidan da aka lissafa yana bukatar irinsa biyu, ko guda mai 200Ah. Wanda ya bar fanka ta yi ta juyawa har batir ya mutu murus kowane dare, shi ne zai koma kasuwa bayan ƴan watanni yana zargin mai shago da sayar masa da jabu. Wani lokaci jabun ne, gaskiya, amma sau da yawa zuƙewar ce. Batirin mota ma bai dace ba, domin an yi shi ne ya ba da ƙarfi na ƴan daƙiƙu a tayar da inji, ba ya raini fanka har asuba ba.

Batirin litiyom ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, kuma ya fi na dalma daɗewa ninki-ninki. Ga mai hali, wanda zai zauna a gidansa shekaru, shi ya fi sauƙi idan aka raba kuɗin bisa shekarun. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a harkar batir ba ta ko kwana. Ko wane iri aka saya, zafi ne babban abokin gabarsa. Na dalma yakan rasa kusan rabin rayuwarsa idan zafin wurin da yake ya haura digiri 25 da digiri 10. Ajiye shi a ɗakin kwano da ke rufe, inda rana ke dukansa a watan Afrilu, asara ce da hannu. A nemi wuri mai inuwa da iska, musamman ga mai ruwa wanda ke fitar da iskar da kan kama da wuta yayin caji. Ruwan da za a ƙara masa kuma tataccen ruwan batir ne, ba na famfo ba.

Shi ma fano ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa. Ana auna lambar ne a sanyin digiri 25, alhali a kan rufi da tsakar rana fano kan kai digiri 60, ya rasa kimanin kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Idan aka haɗa da asarar waya da ta caji, fano mai wat 300 zai tara wajen 1000 a rana mai kyau, daidai bukatar gidan nan ba tare da rara mai yawa ba. A kafa shi yana kallon kudu, a ɗan karkace kamar digiri 15 don ruwan sama ya wanke shi. Inuwar reshen bedi ko ta kwandon parabol a kan kusurwa guda tana iya rage wutar fano ɗin gaba ɗaya. Lokacin hunturu ƙura ce ke cinye wutar, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, ba da rana tsaka ba lokacin da gilashin ya yi zafi.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne ƙaramin akwatin da ke tsakanin fano da batir, regilater. Shi ke hana caji ya wuce kima, shi kuma ke yanke wuta kafin batir ya zuƙe. Wasu masu aikin wuta sukan tsallake shi don su rage wa mai gida kuɗi, ko su jona kaya kai tsaye a kan batir. Duk wanda aka yi wa haka an cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ne. Haka batun waya. Wutar 12V tana bukatar waya mai kauri, domin na'urar wat 600 tana jan amfiya 50, kuma siririyar waya za ta yi zafi har robarta ta narke. Dole a sa fis kusa da batir. Gidan da ke da kuran ɗin NIGELEC kuma ya haɗa sola ko gurup, wajibi ne a sa makunnin da ke raba layukan biyu. In ba haka ba wutar gida na iya komawa kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke bisa turke yana zaton an yanke.

Firigo da dutsen guga su ne ke karya lissafi. Dutsen guga na wat 1000 zai cinye a awa ɗaya abin da fano ya wuni yana tarawa, don haka guga ta jira kuran ko a koma ga na gawayi. Firigo kuwa yakan ja ninkin ƙarfinsa sau da yawa a daidai lokacin da injinsa ke tashi, shi ya sa ƙaramar na'urar juya wutar batir zuwa irin ta kuran take kuka ta mutu. Fanka da talabijin masu aiki da 12V kai tsaye, waɗanda yanzu suka cika kasuwa, ba sa bukatar wannan na'ura ko kaɗan, kuma sun fi dacewa da ɗan haya da zai so ya kwashe kayansa ranar da ya tashi.

Nijar ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun shekarun 1960, lokacin da ƙasashe da dama ba su ko fara tunanin abin ba. Abin takaici ne a ce yau mai saye ba shi da hanyar gane fano na gaske da wanda aka manna wa takardar ƙarya sai dai ya dogara da bakin mai shago. Kafin hukuma ta tsaurara binciken kayan da ke shigowa, abin da ya rage masa shi ne ya tafi da mai aikin wutar da ya yarda da shi, a fitar da fano rana a auna shi da mita a gabansa, a duba ranar da aka ƙera batir, domin na dalma da ya daɗe a shago ba caji ya riga ya fara lalacewa. Ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da sunan kaya da tsawon garanti, a rubuce, da tambarin shagon.