Baƙon Daji da Manomin Bakin Daji

Hutu ya ƙarato, ko'ina mutum ya zauna cikin makarantan nan ba ya jin zancen kome sai na tafiya. Waɗansu suna haɗa kuɗin mota za su Yankari kallon giwa, waɗansu kuwa ƙauye za su wurin kakanni. Na farkon su ke ɗaga kai, wai su ne masu yawon buɗe ido. Na biyun sai su yi tsit, kamar zuwa ƙauye abin kunya ne. Mu dai a namu gani tafiye-tafiyen nan biyu bai kamata a raba su ba, kuma za mu faɗi dalili.

Yankari ba abin rainawa ba ce. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙasar Bauchi. An keɓe shi domin namun daji a 1956, aka buɗe wa masu kallo a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da dorina, ga kuma ruwan Wikki mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina. Birai kuwa a can sun fi baƙo sanin inda ya ajiye guzurinsa. Duk wanda ya sami hali ya je ya gani.

Amma fa ku duba yadda a ke tafiyar. Mota ta taso daga Bauchi, ta ratsa ƙauyukan ƙasar Alkaleri a guje, ba ta tsaya ba sai ƙofar daji a Mainamaji. A biya kuɗin shiga, a biya na masauki, a yi wanka a Wikki, a ɗauki hoto, a juyo. Mutanen da aka wuce a hanya ba su sami kome ba sai ƙura. Alhali kuwa su ne maƙwabtan giwa. Ita giwa ba ta san iyakar da Gwamnati ta shata ba. In amfanin gona ya nuna sai garke ya fito da dare, ya faɗa cikin dawa ko masara, kafin gari ya waye wahalar shekara guda ta tafi. Doka ta hana manomi ya harbe ta, ta hana shi kiwo da saran itace a ciki. To, wanda ya ke ɗauke da wannan nauyi, ba ya kuwa ganin ko anini daga kuɗin masu kallo, in ya ga maharbin hauren giwa ya wuce ta bayan gonarsa, ina dalilin da zai sa ya je ya gaya wa masu gadi?

Kada a ce manomi da naman daji ba su zama wuri ɗaya, gama akwai shaida a ƙasar Nijar. Irin raƙumin dawan nan na Afirka ta Yamma, wanda dā ya ke yawo tun daga Senegal har gefen Tafkin Cadi, ya ƙare ko'ina sai a kewayen Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage a duniya duka. Ba shinge aka yi musu ba, cikin gonakin Zabarmawa su ke kiwo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci har su taɓa wake. Abin da aka yi shi ne aka hana kashe su, aka mai da samarin ƙauyukan 'yan rakiyar baƙi suna samun abin kansu, aka kuma taimaki garuruwan da rijiyoyi da rancen sana'a. Yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi.

Sai dai labarin yana da wani gefe mai ɗaci, shi ne ma ya fi shafarmu. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida a Kure, tare da direbansu da ɗan rakiyarsu, 'yan ƙasa. Daga nan baƙin Turai suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan rakiya ya yanke. Watau duk dajin da ya dogara ga baƙon nesa, ran da hanya ta ɓaci ya shiga uku. Baƙon da ba ya yankewa shi ne na gida: mu, da iyayenmu, da yaran da za a danƙa mana gobe mu koyar.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙon 'yan'uwa masu zuwa Yankari. Ku tsaya a ƙauye. Ku fara da gaida dagaci, da ɗan goronku a hannu, yadda iyayenmu suka koya mana. Ku sayi fura da zuma a wurinsu, kada ku tsaya cinikin ƙwaƙwa da tsohuwa a kan abin da bai kai kuɗin shayinku na safe ba. Kada ku ɗauki hoton matar mutum ko yaransa sai da izini, ba namun daji ba ne. Ku roƙi wani manomi ya kai ku ya nuna muku inda giwa ta shiga gonarsa, ku saurara masa da kyau, gama wannan darasi babu shi cikin littattafanmu.

Ku kuma masu zuwa wurin kakanni, ku ɗaga kanku. Tsohon da za ku kwana a zaurensa ya san sunan kowane itace da maganinsa, ya san shekarar da aka daina jin kukan kura a bayan gari, da fadamar da dā barewa ke shan ruwa. Ku tafi da takarda da alƙalami, ku rubuto mana, shafin nan yana jira.

Mun san za a ce hanyoyin ƙauye ba duka ke da lafiya ba yanzu. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce kowa ya jefa kansa cikin halaka ba. A tambayi hukuma da mutanen wurin tukuna, inda suka ce kada a bi, kada a bi. Amma inda hanya ta ke lafiya, muna roƙon malamanmu masu shirya tafiyan nan su ƙara mana yini guda a kan kwanakin da aka yanka, a aika wa dagacin wani ƙauye na bakin dajin takarda tun yanzu, domin ya san da zuwanmu.