Likitan haƙori da ba ya iya koyarwa bai gama karatu ba

Mutumin Kanya Babba, a ƙaramar hukumar Babura, ba ya neman likitan haƙori sai ciwo ya hana shi barci. Kafin nan ya tauna kanumfari, ya kuskure baki da ruwan gishiri, ya sayi ƙwayoyi a kemis. Lokacin da zai kama hanyar Babura ko Kazaure, ko ma ya zarce Kano, haƙorin ya riga ya yi kogo, abin da ya rage sai cirewa. Wannan ya sa jama'a da yawa suka ɗauki likitan haƙori a matsayin mai cire haƙori kawai. Wani ɓangare na laifin yana komawa ga yadda ake horar da likitocin.

Ɗalibin likitancin haƙori a Nijeriya yana shafe shekara shida a jami'a. A Kano, ɗaliban Jami'ar Bayero suna koyon aikin a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A irin waɗannan makarantu ana auna ƙwarewar hannu da kyau: cike kogo, cire haƙori, dasa na roba. Ya kamata a riƙa auna wani abu kuma da nauyi ɗaya: shin ɗalibin zai iya zama da uwa mai goyo, ya yi mata bayani da Hausar da take ji, har ta koma gida ta aikata?

Dalilin a fili yake. Ƙwayoyin cutar da ke manne a jikin haƙori suna cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da sinadari mai tsami wanda yake zaizaye fatar haƙorin a hankali. Yawan lokutan da sukari ke shiga baki yana da tasiri ƙwarai: yaron da yake tsotsar alawa tun safe har yamma, ko magidancin da yake kurɓar shayi mai zaƙi sau biyar a yini, ba sa bai wa miyau damar gyara ɓarnar. Man goge baki mai sinadarin fuloraid yana ƙarfafa haƙori, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna. Rahotonta na 2022 ya kiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma akasarinsu ana iya kauce musu. Duk wannan aiki ne da ake yi a gida, likita ba ya nan.

A Arewa lamarin ya wuce ciwon haƙori. Cutar noma, wadda ake kira ciwon iska a wasu yankuna, tana farawa ne da kumburin dasashi a bakin yaro ɗan shekara biyu zuwa shida mai fama da tamowa. Cikin kwanaki takan cinye kunci da leɓe, kuma idan ba a yi magani ba mafi yawan yaran suna mutuwa. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. A matakin farko, tsaftar baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna dakatar da ita. Uwar da aka koya wa buɗe bakin ɗanta ta duba dasashi ita ce za ta fara ganinta.

Koyar da hakan yana buƙatar sanin mutane. Bahaushe yana riƙe da asuwaki tun kafin zuwan buroshi, ga al'ada ga sunna. Ɗalibin da ya raina shi ya rasa majinyacinsa. Wanda aka horar da kyau zai nuna yadda ake bi da shi ta ciki da bayan haƙora, yadda ake yanke bakinsa idan ya tsufa, sannan ya ƙara da man goge baki safe da dare. Zai kuma sa majinyacin ya gwada a gabansa, domin gyaɗa kai ba fahimta ba ne.

Wasu malamai za su ce manhaja ta cika, kuma wayar da kai aikin ma'aikatan lafiya na matakin farko ne. Gaskiya ne su ne a kusa da jama'a. Amma wa zai horar da su idan likitan da ke samansu bai taɓa koyon bayani ba? Likitocin haƙori sun yi ƙaranci, yawancinsu kuma suna birane, don haka wanda ya iya koyar da ma'aikata goma ya fi amfanar Roni da Gwiwa fiye da wanda hannunsa kaɗai ke aiki.

Saboda haka tsangayoyin likitancin haƙori da Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya su mayar da zaman karkara wajibi mai maki: makonni a asibitin matakin farko, a ranar awon ciki da ranar rigakafi, da makarantun allo da na firamare. Gwamnatin Jigawa kuma ta samar da masauki da abin hawa. Ɗalibin da ya kasa bayyana wa uwa a Kanya Babba yadda za ta kula da bakin ɗanta, a mayar da shi ya sake jarrabawar, kamar yadda za a yi masa idan ya karya haƙori wajen cirewa.