Yadda jika 250 ke komawa dala 50 a cikin kwamfuta

Duk magatakarda ko mai riƙon littafin kanti da ya gaji da kwafar lissafi da hannu daga wannan takarda zuwa waccan, ko ba daɗe ko ba jima zai ji labarin Python. Harshe ne na ba kwamfuta umurni, wanda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991. Kyauta ake samunsa, kuma da layi goma ko ashirin mutum na iya sa kwamfuta ta karanta jerin masu bashi ko na albashin ma'aikata, ta tara jimla tun kafin shayi ya tafasa. Sai dai da wuya sabon shiga ya kwana biyu bai ci karo da dogon rubutun Ingilishi da ke fitowa idan aiki ya tsaya ba, kuma a nan ne da yawa ke karaya su rufe na'ura.

Wannan rubutu bai kamata ya tsorata kowa ba. Daga ƙasa ake karanta shi zuwa sama: layin ƙarshe shi ke faɗin irin kuskuren, na bisansa kuma ya nuna lambar layin da aka yi tuntuɓe. Wanda ya koya daga tsohon littafi zai ga « SyntaxError » da ya rubuta print ba tare da baka biyu ba, sabili da wannan tsari ne na Python 2, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga watan Janairu na 2020. Irin wannan gyaran minti ɗaya ne. Kuskuren da ya tsai da aiki ya yi kuka, alheri ya yi wa mai shi. Wanda ya cancanci a ji tsoronsa shi ne wanda ke wucewa shiru, ya bar jimla ta fito fes, alhali ƙarya ce.

A ce ga wani mai kanti a kasuwar Maraɗi da ya rubuta bashin wani abokin cinikinsa kamar yadda aka koya masa a lekol, wato 250.000, jika ɗari biyu da hamsin ke nan. Python kuwa bisa tsarin Ingilishi aka gina shi, inda aya ke raba cikakkiyar lamba da ɓarɓashinta, aikin da waƙafi ke yi a Faransanci. Idan aka miƙa wa umurnin float wannan rubutu, ba zai ce uffan ba, zai karɓe shi a matsayin 250, wato dala hamsin. Abin da ke ƙara ruɗa mutum shi ne, da ya kai ga 1.250.000 mai aya biyu sai ya tsaya ya ce « ValueError ». Sabon shiga, don neman sauƙi, sai ya sa a tsallake duk layin da ya kawo kuka. Sakamakon haka manyan basussuka su ɓace daga jimla gaba ɗaya, matsakaita kuma su ragu sau dubu, kwamfuta na nuna masa adadi cikin natsuwa kamar babu abin da ya faru.

Maganin yana kusa. Tunda ba a ciniki da abin da ya gaza tamma ɗaya a kuɗin sefa, umurnin int na cikakkun lambobi ya fi dacewa da lissafin kuɗi. Shi int ba ya karɓar aya ko kaɗan, da ya ga 250.000 zai tsaya, ya tilasta wa marubuci ya share ayoyin da kansa kafin lissafi. Haka nan wanda ya bar fili tsakanin dubbai, kamar 250 000, zai iya share filin ya ga har yanzu kuka bai tsaya ba. Dalili shi ne Excel na Faransanci ba fili na yau da kullum yake sawa ba, wani fili ne na musamman da ido ba ya bambanta shi. Umurnin repr ne ke tona asirinsa, ya nuna shi kamar \xa0 ko \u202f, kuma "".join(adadi.split()) na kwashe su duka.

Akwai kuma abin da babu harshen kwamfuta da zai gano shi: idan yaron kanti ya rubuta 200 yana nufin dala, uban gidansa kuma ya karanta sefa, an yi asarar kashi huɗu cikin biyar tun a bisa takarda. Wannan sai a daidaita shi da baki kafin a kunna na'ura.

Kwanan wata ma na da irin wannan tarko. Ƙunshin pandas, wanda mutane da yawa ke amfani da shi wajen jadawali, idan ya ga 03/04/2024 zai ɗauka 4 ga watan Maris ne bisa al'adar Amurka, alhali 3 ga Afrilu ake nufi, sai fa in an rubuta masa dayfirst=True. Ga ma'aikacin da ke lissafin ranar biyan haraji ko ta ritaya, wata guda ba wasa ba ne.

Wanda ya yanka layi da waƙafi ya ga komai ya dunƙule cikin gurbi ɗaya, to ya buɗe fayil ɗin ya duba da idonsa. Excel na Faransanci da waƙafi mai ruwa yake raba gurabe, tunda waƙafi ya tafi aikin lambobi. Ƙunshin csv da ke zuwa tare da Python ya fi yanka da hannu aminci, a faɗa masa delimiter=";" kawai.

Sai kuma baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, inda matsalar ta fi taɓa masu wannan harshe. Tsarin UTF-8 na ajiye kowane daga cikin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da lambobi biyu. Windows na Faransanci kuwa ya daɗe yana amfani da wani tsohon tsari mai suna cp1252, wanda aka yi don harsunan yammacin Turai, kuma Python ya sha bin wannan tsari idan ba a faɗa masa wani ba. Sai ya karanta lambobin nan biyu a matsayin baƙaƙe biyu dabam: Maraɗi ta koma MaraÉ—i, Ɗan Isa ya koma ÆŠan Isa, ba tare da wani gargaɗi ba. Mai neman duk kayan da aka aika Maraɗi zai samu amsa cewa babu ko ɗaya. Babban Ɓ ne ke kawo tsayuwar aiki da « UnicodeDecodeError », don lambarsa ta biyu ba ta da gurbi a cp1252. Wata shawara da ke yawo ita ce a ƙara errors="ignore" don kukan ya mutu. Mummunar shawara ce, domin jefar da abin da bai karantu ba kawai take yi. Abin da ya dace shi ne a rubuta encoding="utf-8" a duk lokacin buɗe fayil, a kuma zaɓi « CSV UTF-8 » lokacin ajiya a Excel, sa'an nan a buɗe shi da utf-8-sig saboda wata ɓoyayyiyar alama da Excel ke sawa a farkonsa. Idan aka ajiye da tsohon tsari, baƙaƙe masu ƙugiya kan koma alamar tambaya, kuma wannan ba ya gyaruwa daga baya.

Ƙunshi irin su pandas ko openpyxl ba sa zuwa da Python, ɗauko su ake yi ta intanet da umurnin pip daga rumbun PyPI. Ƙorafin da aka fi ji shi ne mutum ya girka ƙunshi, pip ya ce an gama, amma Python ya ce « ModuleNotFoundError ». Galibi Python biyu ne a na'urar, an zuba kaya a ɗakin wannan ana nema a na wancan. Rubuta python -m pip install a maimakon pip kaɗai na sa kayan su shiga wurin wanda ake aiki da shi. Wani lokaci kuma suna ne ya bambanta: pillow ake girkawa amma PIL ake kira, beautifulsoup4 kuma bs4. Wanda ya raɗa wa nasa fayil suna csv.py shi ma ya jawo wa kansa, don Python zai ɗauki nasa ya bar na asali. Tun 2023, Debian 12 da sababbin Ubuntu na ƙin barin pip ya taɓa Python na tsarin na'ura. Umurnin python3 -m venv ke buɗe wa kowane aiki ɗakinsa.

A nan ma shiru ya fi kuka haɗari. Kowa na iya ajiye ƙunshi a PyPI, kuma an sha kama mugaye da suka raɗa wa nasu suna mai kama da na sanannen ƙunshi da bambancin baƙi ɗaya, don wanda ya yi kuskuren bugawa ya girka abin satar bayanai da hannunsa. A kwamfutar da ke riƙe da albashi ko asusun kanti, ya kamata a kwafo sunan daga takardun masu ƙunshin, a sake duba shi baƙi bayan baƙi. Inda intanet ke da tsada ko yawan yankewa, mutum ɗaya na iya ɗauko kayan da pip download a na'ura mai tsari iri ɗaya da ta ofis, ya zuba su a kile USB, sauran kwamfutoci su girka daga nan da --no-index da --find-links ba tare da sun sake biyan kuɗin layi ba.