Ba Kowane Wasan Lissafi Ne Ke Koyar da Lissafi Ba

Duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya san babu darasin da ake gudu kamar lissafi. Da an ce malamin lissafi na tafe, sai ka ga wani ya kama ciwon kai, wani ya sulale ta taga. Alhali kuwa yawancin fannonin jami'a ba a shigarsu sai da kiredit a lissafi. Wannan tsoro tun daga firamare ake tahowa da shi. Don haka nake so in faɗi ra'ayina game da wasannin lissafi da ake sa wa ƙannenmu a kwamfuta da wayar hannu.

Iyaye sun kasu biyu a kan wannan magana. Wasu na ganin wasa wasa ne, ɓata lokaci kawai. Wasu kuwa da sun ji an ce wasan na ilmi ne, sai su miƙa wa yaro waya su kama gabansu. Ni a ganina wasan na da amfani ƙwarai, amma sai an zaɓa, an kuma bi sawu.

Koyo ta hanyar wasa ba baƙon abu ne a wurinmu ba. Mai yin dara yana ƙirga gurabe, yana auna abin da abokin wasansa zai yi. Yarinya mai carabke tana ƙidaya duwatsu ba tare da an tilasta mata ba. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne haƙuri. Yaro zai kuskure sau goma ba ta gaji ba, ba ta daka masa tsawa ba, kuma nan take za ta nuna masa ya kuskure. Malamin da ke fama da yara tamanin a aji ɗaya, ina zai sami wannan sukuni?

To, yaya ake gane wasa mai kyau? Ga misali. A shekarar 1986 aka fito da wani wasa a jihar Minnesota ta Amurka mai suna Number Munchers. Za a cika allo da lambobi, a ce wa yaro ya cinye waɗanda 3 ke raba su ba saura, ga kuma dodanni na bin sa. In ya ci 12 ya tsira, in ya ci 14 ya yi asarar rai guda. A nan lissafin shi ne wasan kansa, babu yadda za ka ci nasara sai ka yi tunani. Amma akwai wasannin da yaro zai yi minti goma yana tseren mota, sa'an nan a jefo masa tambaya ɗaya, ya yi ta dannawa har ya dace. Irin wannan kura ce da fatar akuya.

Kada kuma mu ɗauka sayen na'ura shi ne magani. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000 a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda aka taɓa gwadawa a Galadima ta Abuja a 2007. Da aka bincika makarantun ƙauye 319 na Peru, rahoton da ya fito a 2012 ya nuna makin yaran a lissafi bai ƙaru ba. A Tanzaniya kuwa an yi wata gasa da ta ƙare a 2019, inda aka ba yaran ƙauyuka 170 allunan kwamfuta har wata 15. Darussan an tsara su daki-daki, kuma da Swahili, harshen da ƙasar ke koyarwa da shi a firamare. Yara da yawa da ba sa zuwa makaranta suka iya tarawa da ɗebewa. Ashe dai abin da ke cikin na'urar shi ne abin dubawa.

Wannan ya kawo mu ga batun harshe. Yawancin wasannin da ke wayoyinmu da Turanci suke. Yaro ɗan shekara biyar da bai ji umurnin da aka ba shi ba, canki-canka kawai zai yi. Kafin mu sami isassun wasanni da Hausa, wajibi ne wani babba ya zauna kusa da shi yana fassara masa. Wannan aiki namu ne, mu yayye. Masu sha'awar ilmin kwamfuta a cikinmu kuma, ga fili nan a buɗe: wa zai rubuta wa ƙannenmu wasan da zai ce musu "biyu a tara da uku" in ba mu ba?

Shawarata ga iyaye guda uku ce. Ta farko, ku gwada wasan da kanku kafin ku ba yaro. Ta biyu, ku ƙayyade lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allo. Ta uku, in ya gama a kashe wayar, a zube masa gyaɗa goma sha biyu a ce ya raba wa mutum uku daidai. In ya iya, wasan ya yi aikinsa. In ya kasa, a sake wani.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da lambobi cikin raha tun yana ƙarami, da wuya ya zo sakandare yana gudun malamin lissafi. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.